Farfesa ko Gogaggen Ma'aikaci: Yadda Ake Auna Su Kafin a Zuba Jari a Kayan Batir

Takardar neman jari ta kamfanin da ke haƙar litiyam, ko tace nikel, ko haɗa garin da ake shafawa a cikin batir, ba ta rasa shafi guda da aka jera hotunan shugabanni. A wata takardar farfesa ne a sahun gaba, da digirin digirgir da tarin maƙaloli. A wata kuma mutumin da ya yi shekara ashirin a babban kamfanin motoci ko na ma'adinai. Sai mai kuɗi ya tsaya yana tunanin wanne ya fi nauyi. A haka dai ba za a samu amsa ba. Abin da ake fara nema shi ne matsalar da za ta iya durƙusar da kamfanin nan da shekara uku, sannan a duba ko cikin mutanen da aka jera akwai wanda ya taɓa warware irinta da hannunsa. Sauran aikin duk a kan wannan yake tafiya.

Mataki na 1: Gano matsalar da ke gaban kamfanin

Harkar kayan batir sana'o'i huɗu ce da ba su yi kama da juna ba. Akwai masu haƙo dutse ko ruwan gishiri mai litiyam. Akwai masu tacewa su mayar da shi sinadari mai tsafta. Akwai masu haɗa garin katod da anod, wato ɓangarori biyu na cikin batir da litiyam ke kai-kawo a tsakaninsu. Sai masu cewa sun ƙirƙiro sabon abu, kamar anod na silikon ko batir marar ruwa.

Da ka gane sana'ar, sai ka yi tambaya guda: mene ne mafi girman nauyin kayan da suka taɓa samarwa a zubi ɗaya? In giram ne, har yanzu suna ɗakin gwaje-gwaje, komai girman ofishinsu. In ɗaruruwan kilo ne zuwa 'yan tan, suna ƙaramar masana'antar gwaji. In dubban tan ne a shekara, sun shiga kasuwa.

Tarihin batirin litiyam kansa ya nuna yadda aikin ke sauya hannu. John Goodenough da abokan aikinsa sun gano katod na litiyam da kobal a Jami'ar Oxford a 1980. Akira Yoshino, ma'aikacin kamfanin Asahi Kasei a Japan, ya haɗa samfurin batir mai aiki a 1985. Sai a 1991 kamfanin Sony ya fitar da shi kasuwa. Shekara 11 ke nan, kuma kowane zango da irin mutanensa.

Ga ma'aunin da za ka iya farawa da shi, kodayake ba doka ba ce. A matakin giram, ba wa kimiyya kashi 70 cikin ɗari na hankalinka, gogewar masana'anta 30, domin tambayar ita ce ko abin yana aiki ma tukuna. A matakin gwaji, raba daidai. Daga ranar da aka fara maganar gina masana'anta ta ɗaruruwan miliyoyin daloli, juya ma'aunin: 80 ga waɗanda suka taɓa tayar da irin wannan masana'anta, 20 ga masu bincike. Kamfanin haƙa ko na tacewa da ke bin hanyar da aka riga aka sani kuwa tun farko wannan ma'auni na ƙarshe ne ya shafe shi.

Mataki na 2: Auna masanin kimiyya da sakamakon gwajinsa

Digiri shaida ce cewa mutum ya iya bincike, amma bai nuna a kan me ya yi binciken ba. Shiga Google Scholar ka sa sunansa. Kada yawan maƙaloli ya ɗauke maka hankali. Duba na shekara biyar ɗin baya-bayan nan ka ga a kan me suke. Wanda ya yi suna a fannin faifan hasken rana ba masanin katod ba ne. Daga nan sai takardun mallakar ƙirƙira. A Google Patents ko Espacenet za ka ga ko an amince da takardar ko kuwa nema kawai aka shigar, za ka kuma ga sunan mai ita. Sau da yawa jami'a ce mai ita, kamfanin izini kawai ya karɓa. To nemi yarjejeniyar izinin, ka ga ko shi kaɗai aka ba, da sharuɗɗan da za su sa jami'ar ta janye. Kariyar takan ƙare ne shekara 20 daga ranar shigarwa, saboda haka takardar da aka shigar a 2010 ta kusa tsufa kafin masana'anta ta fara kawo riba.

Tambayi kuma ko farfesan yana zaune a kamfanin ne ko kuwa mai ba da shawara ne da ke leƙowa taro jefi-jefi. Babban suna a kwamitin shawara ba ya gyara komai ranar da tukunya ta ƙi. Wanda ya fi amfani shi ne ɗalibinsa da ya bar jami'a ya tare a kamfanin.

Yanzu sai sakamakon gwaji, kuma nan ne ya kamata ka daɗe.

Fara da girman batirin da aka gwada. Yawancin sakamakon jami'a daga ɗan ƙaramin batir ne mai siffar kwabo, wanda aka sa masa faifan ƙarfen litiyam mai kauri aka kuma cika shi da ruwan batir fiye da kima. Waɗannan biyun suna ɓoye asara: duk litiyam ɗin da ya lalace akwai wani a ajiye da zai maye gurbinsa. A batirin mota babu wannan rara. Saboda haka nemi sakamakon cikakken batir mai siffar jaka, mai shimfiɗa da yawa, na Ah 1 ko fiye. Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, mAh kuma kashi ɗaya cikin dubu nasa.

Sai kaurin shafin. Katod na kasuwa yakan ɗauki kusan 3 mAh a kowane murabba'in santimita ko fiye. Shafi mai sirara, ƙasa da 1, yana caji da sauri yana kuma daɗewa, amma ba wanda zai sa shi a mota. Idan ba a rubuta wannan adadi a takardar ba, ka nema a rubuce.

Na uku, kashi nawa na cajin da aka zuba ke dawowa a kowane zagaye. Ga dalilin da ya sa ƙaramin bambanci yake da girma: in kashi 99.9 ke dawowa kuma abin da ya ɓace litiyam ne da ba ya komowa, ka ninka 0.999 sau 1,000, za ka samu kusan kashi 37 ne ya rage. In 99.98 ne, kusan kashi 82 ya rage. Masu motoci sukan nemi kusan kashi 80 bayan zagaye wajen 1,000. Wanda ya zo yana alfahari da kashi 99 yana gaya maka ne batirinsa zai mutu kafin zagaye ɗari biyu.

Na huɗu, a wane zafi aka yi gwajin, da wane sauri? Cajin awa goma a ma'aunin zafi 25 shi ne mafi sauƙin gwaji. Nemi na awa ɗaya, da na zafi 45, da na sanyi ƙasa da sifiri. Ka kuma tambayi batura nawa aka gwada. Zanen batir ɗaya da ya fi kyau ba hujja ba ne. Kana son ganin talatin, har da waɗanda suka mutu da wuri da dalilin mutuwarsu.

Ka riƙe 'yan iyakoki a ka. Girafait, wanda aka saba yin anod da shi, ba ya wuce 372 mAh a kowane giram. LFP, wato katod na litiyam da ƙarfe da fosfet, iyakarsa kusan 170. Silikon ya kai kusan 3,600, ninki goma na girafait, sai dai yana kumbura kusan ninki uku in ya sha litiyam, ya tsage. Kuma ninki goma a anod ba ninki goma ba ne a batir, domin katod da sauran kayan ba su sauya ba. Ƙarin da masu wannan fasaha ke magana a kai kashi 20 zuwa 40 ne.

Kamfanin Envia Systems na Amurka ya sanar a 2012 cewa ya kai Wh 400 (ma'aunin ƙarfin lantarkin da batir ke ajiyewa) a kowane kilo, adadin da ya zarce duk abin da ke kasuwa a lokacin. General Motors ya ƙulla yarjejeniya da shi. Adadin gaskiya ne, amma a 'yan zagayen farko kaɗai. Daga nan ƙarfin ya zube, kuma a 2013 yarjejeniyar ta rushe. Masana na gaske ne a kamfanin. Abin da ya kamata a tambaya tun farko shi ne a zagaye na nawa aka samu wannan adadi. Shi ya sa gwajin ƙarshe ba a hannun kamfanin ake barinsa ba: kai za ka zaɓi ɗakin gwaji mai zaman kansa, kai za ka biya, wakilinka zai ɗauki baturan daga kan layi, sakamakon kuma ya zo maka kai tsaye.

Mataki na 3: Auna gogaggen ma'aikacin masana'anta

Masu jari sukan tsananta wa farfesa bincike su kuma ɗaga wa tsohon ma'aikacin babban kamfani ƙafa. Kuskure ne mai tsada. In an ce wane ya yi aiki a Tesla ko Panasonic, tambayi a wane sashe. Sayen kaya, tallace-tallace, lissafin kuɗi da tsayawa a kan layin samarwa ayyuka ne daban.

Kamfanin batir na Northvolt a Suwidin misali ne da ya isa. Peter Carlsson da Paolo Cerruti, waɗanda suka kafa shi a 2016, manyan jami'an Tesla ne a da, a sashen sayo kaya da jigilarsu. Sun tara sama da dala biliyan 10 na jari da bashi, sun gina masana'anta a Skellefteå, sun fitar da batirin farko a ƙarshen 2021. Abin da ya gagara shi ne fitar da batura masu inganci da yawa a kai a kai. A watan Yunin 2024 BMW ya soke kwangilar yuro biliyan 2, a Nuwamba kamfanin ya nemi kariyar kotu a Amurka, a Maris 2025 kuma ya karye a Suwidin. Gogewa akwai ta, sai dai ba a wurin da matsalar take ba.

Nikel ma ya ba da irin wannan darasi. Akwai hanyar tace shi daga jar ƙasa da ake kira HPAL, inda ake dafa ƙasar da asid a cikin babbar tukunya mai rufin taitaniyam a zafin digiri kusan 250 da matsi mai tsanani. Kimiyyar sananniya ce tun da daɗewa. Duk da haka BHP, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ma'adinai na duniya, ya kashe kusan dala biliyan 2 a Ravensthorpe ta Ostiraliya, ya buɗe a 2008, ya rufe a Janairun 2009. Injiniyoyin Sin sun sha wahalar shekaru a masana'antar Ramu ta Papua New Guinea daga 2012 kafin ta kai cikakken ƙarfinta. Da aka zo gina irinta a tsibirin Obi na Indonesiya, wadda ta fara aiki a 2021, darasin Ramu aka ɗauko, kuma ta tashi cikin sauri. Gogewar da ke da daraja ita ce ta wannan hanyar tacewa ɗin, da irin wannan ƙasar, a irin wannan girman.

Ko hakan ma ba ya bin mutum duk inda ya je. Kamfanin Tianqi ƙwararre ne wajen tace litiyam a Sin, amma masana'antarsa ta Kwinana a Ostiraliya, da aka fara ginawa a 2016, sai a 2022 ta fitar da kaya masu darajar batir, ta kuma daɗe ba ta kusanci adadin da aka tsara mata ba. Shugaba ɗaya ba ya ɗauko masu walda, da masu gyaran inji, da masu sayar da kayan gyara da suka kewaye shi a inda ya saba. Saboda haka tambayi mutum nawa daga tsohuwar tawagarsa suka biyo shi.

Ka zauna da shi ka yi masa waɗannan tambayoyi, ka saurari ko amsar tana da adadi:

Wane layi ka tayar tun daga tushe? A watan farko kashi nawa na kayan ya fita lafiya, kuma wata nawa aka ɗauka kafin a kai kashi 90? Wanda ya yi aikin da gaske yana tuna waɗannan adadi, har da injin da ya fi ba shi ciwon kai.

Wace ƙazanta ce ta fi wahalar da kai? Mai haɗa katod zai ambaci ɓurɓushin ƙarfe, wanda ake aunawa da kashi cikin biliyan, domin ƙwaya ɗaya na iya huda shingen da ke tsakanin katod da anod batir ya kama wuta. Zai ambaci danshi, da yadda katod mai yawan nikel ke lalacewa in ya sha iska, da busassun ɗakunan da raɓa ba ta sauka a cikinsu sai sanyi ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifiri. Mai girafait zai gaya maka cewa wajen mulmula shi ya zama ƙwayoyi rabi ko fiye yakan tafi a matsayin ƙura, kuma sai an kai tsaftar kashi 99.95.

Ina ake kai sharar? Tace litiyam da asid da haɗa garin katod duk suna fitar da gishirin sodiyam salfet mai yawan gaske. Masana'antar BASF a Harjavalta ta Finland ta tsaya cik bayan an gama ginin saboda rigimar izinin zubar da irin wannan ruwa. Wanda bai da amsa a nan bai taɓa gudanar da masana'anta ba.

Bayan hira, nemi mutum biyu ko uku da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ba waɗanda ya rubuta maka sunayensu ba. Su ne suka san ko shi ya warware matsalar ko a ofis yake lokacin da aka warware ta.

Gogaggen ma'aikaci yana da nasa raunin. Yakan raina abin da bai saba da shi ba. Da yawa daga masana'antun Yamma sun daɗe suna kallon LFP a matsayin katod na masu ƙaramin ƙarfi, ga shi yanzu ya mamaye kasuwar Sin. Yana kuma iya zuwa da sirrin tsohon kamfaninsa. Rigimar LG da SK Innovation na Koriya ta Kudu a kan ɗauke ma'aikata da sirrin fasaha ta ƙare a 2021 da biyan kusan dala biliyan 1.8. Nemi lauya ya duba yarjejeniyar da ya sa wa hannu kafin ya bar wancan aikin.

Mataki na 4: In ma'adini ne, akwai ƙa'idar da ta riga ta haɗa biyun

Bayan badaƙalar Bre-X a 1997, inda aka barbaɗa zinariya a samfuran dutse daga Busang ta Indonesiya aka yaudari masu hannun jari, Kanada ta kafa dokar NI 43-101 a 2001. Ostiraliya tana da JORC, Afirka ta Kudu tana da SAMREC. Duk sun yarda a kan abu guda: wanda zai sa hannu a rahoton ma'adini dole ya zama ɗan ƙungiyar ƙwararru da za ta iya hukunta shi, kuma ya yi aƙalla shekara biyar yana aiki a kan irin wannan ma'adinin. Ilimi da gogewa tare, a mutum ɗaya. Duba sunansa a rahoton, ka tabbatar da rajistarsa, ka ga ko yana da hannun jari a kamfanin.

Rahoton yakan raba ma'adinin gida uku: wanda aka yi hasashensa daga 'yan ramuka, wanda aka samu alamarsa da ramuka masu kusanci, da wanda aka auna sosai. Na farko ba a gina lissafin riba a kansa. Haka nazarin kuɗi: na share fage yana iya kaucewa da kashi 30 zuwa 50, cikakken nazari kuwa kusan 10 zuwa 15.

Yi wannan lissafi da kanka. Sifodumin dutse ne mai litiyam, kuma da Li₂O, wato litiyam haɗe da oksijin, ake auna yawan litiyam ɗinsa. Dutsen sifodumin zalla bai wuce kusan kashi 8 na Li₂O ba, kuma abin da ake sayarwa bayan wanki yakan kai kusan kashi 6. A ce dutsen rami yana da kashi 1.2, injin wanki kuma yana kama kashi 70 na litiyam ɗin. Tan ɗaya na dutse zai ba da kilo 8.4 na Li₂O, wato kilo 140 na wankakken kaya. Kana bukatar tan 7 na dutse don tan ɗaya na wankakke, da kusan tan 8 na wankakke don tan ɗaya na litiyam kabonet mai tsaftar kashi 99.5. In injin ya kama kashi 55 kawai, tan 7 ya koma 9, kuɗin haƙa da niƙa ya hau da kusan kashi 30. Masanin duwatsu ne zai ba ka 1.2 ɗin. Injiniyan da ya taɓa wanke irin wannan dutse ne zai gaya maka ko 70 ɗin gaskiya ne, kuma sai da gwajin wanki a kan samfuri daga sassa daban-daban na ramin.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda ana haƙar dutsen litiyam a Nasarawa, Kaduna, Kogi da Kwara, kuma ana ta neman masu kuɗi su shigo. Abu uku ke yawan cin mutane. Na farko, na'urar hannu ta XRF da ake haska dutse da ita ba ta ganin litiyam, domin ya yi mata rashin nauyi; duk wanda ya nuna maka adadin litiyam daga gare ta, ka aika samfurin ɗakin gwaji da aka amince da shi, kamar SGS, ALS ko Intertek, ka kuma cusa samfurin da ka san babu komai a cikinsa da wani da ka raba biyu don gwada ɗakin gwajin kansa. Na biyu, kashi 1 na Li, wato litiyam zalla, daidai yake da kashi 2.15 na Li₂O, to ka tabbatar wanne aka rubuta. Na uku, dutsen da aka tsinto mafi kyau daga saman rami ba ya nuna abin da ke ƙasa. Sai an huda ramuka an ciro sandunan dutse an auna. Ka duba lasisin a Ofishin Rajistar Ma'adinai na tarayya, ka ga na bincike ne ko na haƙa, da sunan wa, kuma bai ƙare ba. Masanin da ya sa hannu ya zama mai rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu rajista a Nijeriya. In an ce maka wani babban kamfanin waje yana ciki, rubuta wa hedikwatarsa ka tambaya, domin kamannin suna ba alaƙa ba ne.

Mataki na 5: Duba yadda biyun ke aiki tare

Kamfanin batir na A123 Systems ya fito ne daga binciken Farfesa Yet-Ming Chiang na jami'ar MIT ta Amurka a 2001. Sinadarinsa na LFP yana aiki. Gwamnatin Amurka ta ba shi tallafin dala miliyan 249 a 2009. A Maris 2012 aka gano cewa injin walda ɗaya a masana'antarsa ta Livonia a jihar Mishigan ba a saita shi daidai ba, kuma sauya baturan da suka lalace ya ci kusan dala miliyan 55. A Oktoban shekarar kamfanin ya karye, Wanxiang na Sin ya saye shi a 2013. Akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin masu sayen motocin lantarki a lokacin, amma abin lura shi ne kimiyya mai kyau ba ta kare shi daga saitin inji ba.

Sila Nanotechnologies ya haɗa Gene Berdichevsky, ɗaya daga ma'aikatan farko na Tesla da ya yi aiki a kan batirin motarsu ta farko, da Farfesa Gleb Yushin na Georgia Tech. Sun fara a 2011, sai a 2021 anod ɗinsu na silikon ya shiga kayan kasuwa, a ɗan ƙaramin abin ɗaurawa a hannu na Whoop. Shekara goma, da tawagar da ta cika ɓangarori biyun. Ka sa wannan a lissafinka na lokacin da kuɗinka za su dawo.

To yaya za ka gane ko haɗin na gaske ne? Gana da su biyun daban-daban ka yi musu tambaya ɗaya: mene ne babban haɗarin da ke gabanku? In amsoshin sun saɓa sosai, ba sa magana da juna. Tambayi wa ke da ikon hana fitar da kaya in inganci ya gaza, kuma wa yake kai wa rahoto. In shugaban tallace-tallace ne ke samansa, akwai matsala. Tambayi ko an taɓa sauya haɗin sinadari saboda injiniyoyin layi sun ce ba zai yiwu da yawa ba. In ba a taɓa ba, ko dai farfesan ba ya saurare, ko ba a kai ga gwada layin ba tukuna.

Mataki na 6: Bari mai saye ya yi maka alƙalanci

Injiniyoyin kamfanin batir ko na mota sun fi ka kayan gwaji, kuma ba ruwansu da digirin kowa. Sukan karɓi kaya a matakai da ake kira samfurin A, B da C: na farko daga ɗakin gwaji, na biyu daga layin gwaji, na uku daga ainihin injinan da za su yi aikin. Sabon katod ko anod yakan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ya wuce duka. Tambayi a wane mataki ake, ko mai sayen ya biya kuɗin samfurin, kuma ko ya dawo ya nemi ƙari mai yawa.

Bambanta takardar fahimtar juna da kwangila mai ɗaurewa. Kamfanin batir na Britishvolt a Birtaniya yana da takardun fahimta da kamfanonin motoci na Lotus da Aston Martin, amma ya rushe a Janairun 2023 ba tare da ya gina masana'antarsa ba. Kwangila ta gaske tana faɗin tan nawa, shekara nawa, yadda za a yanke farashi, da abin da mai saye zai biya in ya fasa ɗauka. Karanta sharuɗɗan da dole a cika kafin ta fara aiki, domin can ake ɓoye ƙofar fita.

Mataki na 7: Gwada farashi, sannan ka saki kuɗi kaɗan-kaɗan

Tan ɗaya na litiyam kabonet a Sin ya kusa yuan 600,000 a Nuwamban 2022. Zuwa farkon 2024 ya faɗo ƙasa da 100,000. Ba farfesa ko tsohon ma'aikaci da ke da iko da wannan. Karɓi lissafin kamfanin ka rage farashin sayarwa da rabi, ka ƙara kuɗin gini da kashi 40, ka jinkirta fara aiki da wata 18, ka ga ko zai rayu. Wannan ba tsanani ba ne: Nemaska Lithium na Kwibek a Kanada, wanda ya zo da sabuwar hanyar tacewa da lantarki, ya sanar a Fabrairun 2019 cewa yana bukatar ƙarin dalar Kanada miliyan 375 a tsakiyar gini, kafin ƙarshen shekarar kuma ya nemi kariya daga masu bin sa bashi. Lura da yadda kowannensu ya amsa wannan gwaji. Wanda ya taɓa ratsa faɗuwar farashi zai nuna maka abin da za a dakatar da farko da abin da ba za a taɓa ba.

In ka yanke shawarar shiga, raba kuɗin kashi uku ko huɗu, kowane kashi a ɗaure da abin da za a iya aunawa: batura talatin masu siffar jaka sun riƙe kashi 80 bayan zagaye 500 a ɗakin gwajin da ka zaɓa, layin gwaji ya yi kwana 30 a jere yana fitar da kaya iri ɗaya, mai saye ya amince da samfurin B a rubuce. In ɓangare ɗaya ya yi rauni a tawagar, sa ɗaukar wannan mutum ya zama sharaɗin sakin kashi na biyu, ka kuma nemi a ba ka damar ganawa da shi kafin a ɗauke shi. Hannun jarin masanin da na injiniyan su riƙa zama nasu a hankali cikin shekara huɗu, a kuma rubuta cewa in ɗayansu ya tafi kafin lokacin, kana da ikon dakatar da sauran kuɗin har sai an samu wanda zai maye gurbinsa.